DAGA ZAUREN ZANGO: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 

A cikin wasiƙun da suka iso mini a watan jiya akwai wata daga Aboabo ta Kumasi, wadda wata Hajiya ta sa jikarta ta rubuto mata. Ta roƙi kada in ambaci sunanta, na kuwa karɓa. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, autanta ya gama sakandare bana, ya kuma yi karatun Arabiyya har sanawiyya a makarantar unguwa, yanzu ba ya da magana sai ta fita waje ya yi jami'a. To, sai ga wani mutum ya zo har gida, ya ce in aka ba shi kuɗi kaza zai samo wa yaron gurbin karatu da fasfo da biza a dunƙule, ba sai yaron ya taka ƙofar kowane ofishi ba. Hajiya tana da ɗan fili a bayan gari wanda marigayi maigidanta ya bar mata. Tambayarta ita ce, ta sayar ko kada ta sayar?

Hajiya, kada ki sayar tukuna. Kafin a taɓa filin nan, ki sa yaron ya kwaso takardunsa kaf, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a jera su: takardar haihuwa, da katin awo na asibiti in har yana nan, da takardar BECE, da ta WASSCE, da shahadar makarantar Arabiyya, da Katin Ghana. Sa'an nan a kira wani mai ido a karatu, ba shi yaron ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta suna da ranar haihuwa, harafi da harafi. In duk sun zo daidai, ki yi wa Allah godiya, ɗanki ya haye rabin kogi. In kuwa ba su zo daidai ba, kuma ina kyautata zaton ba za su zo ba, to a nan aikin yake, kuma ba aikin da kuɗin fili zai yi miki ba ne.

Ba da ka nake wannan magana ba. Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya, na yi wani ɗalibi wanda har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya haddace izu sittin, nahawu kuwa kamar ruwa. Muka taru muka cika masa takardun neman wata jami'a a ƙasar Larabawa, Allah ya taimaka aka ɗauke shi, karatu kyauta, ɗaki kyauta, har da tikitin jirgi. Unguwa ta ɗauka, uwarsa ta yi waina ta raba. Da aka je neman biza sai ma'aikacin ya ajiye takardar ɗauka a hannun dama, ya ajiye fasfo a hannun hagu, ya dube mu ya ce, waɗannan ai mutane biyu ne. Gaskiyarsa kuwa. A shahadar Arabiyya, wadda da ita jami'ar ta yi aiki, sunayensa uku ne, nasa na yanka da na ubansa da na kakansa. A takardar sakandare, wadda da ita aka yi fasfo, sunayensa biyu, laƙabin da ake kiransa da shi a gida da sunan kawunsa, don kawun ne ya kai shi makarantar boko ranar farko, hedimasta ya tambayi sunansa ya rubuta. Shekarar haihuwa ma ta saɓa da shekara biyu. Kafin mu gama zirga-zirgar rantsuwa a kotu da sauran gyare-gyare, wa'adin da aka ba shi ya wuce. Da shekara ta zagayo kuma shekarunsa sun haura iyakar da suke ɗauka. Yau tela ne, yana da shagonsa da yaransa, yana cin halaliyarsa, ban raina masa ba. Amma na san abin da al'umma ta rasa, kuma na san ba talauci ne ya jawo ba, ba kuma rashin ƙoƙari ba.

Yadda abin yake farawa kowa ya sani. Ranar bakwai a taru da sassafe, liman ya raɗa suna, a yanka rago, a raba goro, a watse. Ba wanda ya rubuta komai. Bayan shekara shida a kai yaro makaranta, malamin da ke riƙe da rajista ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Ta haka Husaini ya zama Fuseini, Yusufu ya zama Issifu, Usman ya zama Osumanu, Idris ya zama Iddrisu, A'ishatu ta zama Ayishetu, Abubakar kuwa yau Bukari gobe Abukari. Sunan Muhammadu kaɗai, in ka shiga aji guda, sai ka same shi da rubutu iri huɗu ko biyar. Ba na cewa waɗannan rubuce-rubuce kuskure ne. Sunayen ƙasar nan ne, manyan mutane suna ɗauke da su. Abin da nake cewa shi ne a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa. Daɗin daɗawa, takardun Turawa suna neman abin da suke kira sunan iyali, wanda mu a al'adarmu ba mu da shi, sai sunan uba. Saboda haka a wannan takarda sunan uba ne a gaba, a waccan yana baya, a ta uku an jefar da shi an sa na kaka. A unguwa duk wannan ba komai ba ne, kowa ya san ɗan gidan wane ne. Amma kwamfuta ba ta san zumunci ba, kuma ba ta halarci raɗin sunan kowa ba.

Ga mu mutanen zango kuma abin ya fi nauyi, kada mu ruɗi kanmu. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan da fataucin goro tun Salaga tana Salaga. Bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da nan Accra, wadda su suke kira Ankara. Alhaji Umaru na Krachi, haifaffen Kano, a nan ya yi zamansa yana karantarwa har ya rasu a 1934. Duk da wannan daɗewa, dattawanmu ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa, aka ga mutanen da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, sun hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Abin da ya raba wanda ya zauna da wanda ya tafi a lokuta da yawa takarda ce. Har yanzu jama'armu suna kokawa cewa mai sunan Hausa ko na Fulani yakan sha tambayoyin da ba a yi wa maƙwabcinsa: ina ne garinku, wane yare kake ji bayan Hausa, ina aka haifi kakanka. Ana iya jin haushi, ni ma nakan ji. Amma haushi ba ya buga hatimi.

Abin da doka ta ce a fili yake. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Ghana ne. A lura, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba. A 2020 ma Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar haihuwa ba ita ce hujjar zama ɗan ƙasa ba. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, takardun yaro a kan takardun iyayensa suke tsaye. Tsohon fasfon da Alhaji ya yi aikin hajji da shi, wanda ke ƙasan adaka kyankyasai suna ci, dukiya ce. Haka takardar fansho ta kakan da ya yi aikin soja ko ɗan sanda, haka takardar gida. Hajiya, in maigidanki ya bar irin waɗannan, ki sa a nemo su a sa a leda, sun fi filin nan amfani ga tafiyar yaron.

Yanzu bari in bi yadda ake gyara, daki-daki, don mutanenmu sukan fara daga wutsiya. Sai ka ga yaro yana yawon neman biza alhali ko fasfo ba shi da shi.

Tushe shi ne takardar haihuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Rajistar jariri kyauta ce a cikin shekararsa ta farko, bayan nan sai da kuɗi da ƙarin tambayoyi. Da ma limamanmu za su riƙa tambaya a wurin suna, an yi wa jaririn nan rajista, kamar yadda suke tambayar sadaki a wurin ɗaurin aure. Bayan takardar haihuwa sai Katin Ghana, bayan kati sai fasfo, kuma abin da ke kan kati shi ake sa ran gani a kan fasfo. In an sami saɓani tsakanin waɗannan da takardun makaranta, shawarata ita ce a dubi takardar WASSCE a matsayin turke, don ita ce mafi wuyar sakewa bayan an buga ta, kuma ita jami'o'in waje suke tantancewa wurin hukumar WAEC. Hanyar da aka sani ta haɗa sunaye biyu su zama na mutum ɗaya ita ce takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa, sa'an nan a buga sanarwa a gazet ta gwamnati. Ita kuwa makarantar Arabiyya, tun da tamu ce, a je a zauna da mudir a roƙe shi ya sake rubuta shahada da sunan da ke kan fasfo, ya kuma sa ranar haihuwa ta miladiyya. A nan ina kira ga mudirai, don Allah kafin ku rubuta wa ɗalibi shahada ku ce ya kawo takardar haihuwarsa ku kwafa. Tun 1987 aka kafa sashen ilmin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, makarantunmu da yawa suna koyar da Turanci da Arabiyya a rufi ɗaya, amma sai ka tarar rajistar safe da rajistar yamma ba su san juna ba.

Bayan an ɗauki yaro a jami'a, ƙasashe da yawa ba sa karɓar takardunmu haka nan sai an bi da su ta hatimi huɗu: lauya mai izinin shaida takardu, watau notari, sa'an nan ofishin Sakataren Sashen Shari'a ya shaida hatimin lauyan, sa'an nan Ma'aikatar Harkokin Waje ta shaida na Sakataren, daga ƙarshe ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa. In an tsallake ɗaya sai an dawo baya. Wasu suna son a fassara takardun, kuma ba fassarar malamin unguwa ba, ko da ya fi mai fassarar ilmi, sai ta wurin da aka amince da hatiminsa, irin Cibiyar Harsuna ta Ghana. Akwai takardar shaidar rashin laifi daga hedkwatar CID, akwai gwajin lafiya, akwai katin allurar shawara. Wannan na ƙarshe tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai, saboda haka wanda ke da tsohon kati ya adana abinsa. Mutumin Kumasi ko Tamale ko Bawku ya sani yawancin waɗannan hatimai a Accra suke, sai ya yi lissafin kuɗin mota da wurin kwana, ya kuma ba abin watanni, ba makonni ba.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu da yawa sukan yi shekaru a makarantar allo kafin su shiga boko, saboda haka sukan gama sakandare a makare. Su kuwa masu ba da tallafin karatu suna da iyaka. Jami'o'in Saudiyya, har da Jami'ar Musulunci ta Madina wadda aka kafa a 1961, suna ɗaukar mai neman digirin farko daga shekara 17 zuwa 25, kuma ba sa son shahadar da ta wuce shekara biyar da fitowa. Tallafin gwamnatin Turkiyya ya fi tsanani, sai wanda bai kai 21 ba. To, a nan ne shaiɗan yake raɗa wa mutum, ai sai a rage shekara uku. A da an yi, wasu sun sha. Yanzu kuwa tun da aka fara ɗaukar zanen yatsu, fasfo tun 2010, ga kuma Katin Ghana, duk ranar haihuwar da ka ba da ta manne da yatsunka. In ka je da wata daban, ba gardama za a yi da kai ba, allon ne zai nuna. Ingila takan hana wanda ta kama da takardar ƙarya shiga ƙasarta har shekara 10. Amurka kuwa hanin nata na iya zama na har abada. Yaro ɗan shekara 22 ya rufe wa kansa ƙofofi saboda kofa ɗaya. Gara a nemi inda shekarunsa na gaskiya suka shiga, kuma akwai. Maganin na dindindin yana hannun iyaye, a haɗa wa yaro allo da boko tun yana ƙarami, kada a jira ya sauke tukuna.

Mu dawo kan mutumin da ya zo gidan Hajiya. Ban san shi ba, ba zan ce ɓarawo ne ba. Amma ga abin da na sani. Neman tallafin Turkiyya kyauta ne, ta intanet ake yi, an saba buɗewa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, suna neman maki 70 cikin 100, mai son likitanci 90, wanda aka ɗauka kuma zai fara da shekara guda ta koyon Turkanci. Daga Ankara tamu zuwa Ankara tasu ba a biyan kowa kuɗin gurbi. Neman jami'o'in Saudiyya ma ta intanet ake yi. To, kuɗin me mutumin yake nema? In ya ce ladan cika takardu ne, wannan sana'a ce, a yi ciniki a biya shi daidai wahalarsa, kuma ba ta kai kuɗin fili ba. In ya ce yana da mutum a ciki, a tambaye shi sunan jami'ar da sunan kwas ɗin, a sa wani ya rubuta wa jami'ar kai tsaye. Maganar cewa ba sai yaron ya taka ko'ina ba kuwa, wannan ita ta fi ba ni tsoro, don fasfon gaskiya ba ya fitowa sai an ɗauki hoton mai shi da yatsunsa a ofishi, haka kuma bizar ƙasashe da yawa. Abin takaici, dillalan da ke tsayawa a bakin ofisoshi, sunan da duk ƙasar nan take kiransu da shi daga bakinmu aka are shi, 'yan goro. Goron da kakanninmu suka yi arziki da shi, suka gina masallatai, yau ya zama sunan cin hanci.

Kuma ko da dillalin mai gaskiya ne, akwai illa a bar shi ya yi komai. Na ga yaron da aka tambaya a wurin ganawar biza wane fanni za ka karanta, ya tsaya yana kallon silin, don ba shi ya cika takardar ba, bai ma karanta ta ba. Adireshin imel da lambar sirri su kasance a hannun yaro. In suna hannun dillali, ranar da jami'a ta aiko da amsa shi zai gani, sa'an nan ya zo ya sayar muku da abin da yake naku.

Ga masu hangen Turai da Amurka da kuɗin aljihunsu, tambayar ofishin jakadanci guda biyu ce, wa zai biya, kuma za ka dawo? Amurka tana son takardar I-20 daga makaranta, da dala 350 na rajistar ɗalibai, da dala 185 na neman biza tun 2023, kuma in an hana ka ba a mayar maka da kuɗin bizar. Ingila tana son lambar CAS daga jami'a, da gwajin tarin fuka, da shaidar cewa kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba. Jamus a 2024 ta mai da abin da ɗalibi zai kulle a asusu na shekara guda yuro 11,904. A nan 'yan kasuwarmu suke faɗuwa. Alhaji yana da shanu, yana da rumfa uku a kasuwa, yana zubin adashi mai kauri, amma asusunsa na banki kamar rijiyar rani. Ana saura mako guda sai a tattaro kuɗi daga 'yan'uwa a zuba gaba ɗaya. Ma'aikacin da ya ga asusu ya yi wata biyar yana barci sa'an nan ya farka da dubbai, ya san aro ne. Wanda ke da niyyar tura ɗansa baɗi, tun bana ya fara bi da cinikinsa ta banki, ko da zai cire washegari, don takarda ta nuna abin da unguwa ta riga ta sani.

Akwai kuma waje na kusa, wanda muke rainawa. Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk sun san takardar WAEC, yaro zai ji harshensa a kasuwa, kuma bisa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 zai shiga ba biza har kwana 90, daga nan ya nemi takardar zama. Akwai Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, sai dai tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, mai zuwa can ya tambayi ofishin jakadancinsu abin da ake ciki kafin ya hau mota. Gargaɗina a kan Nijeriya guda ɗaya ne. Yaron da ke da dangi a Kano, za a ce masa ya yi rajista a matsayin ɗan gida don kuɗin makaranta ya yi sauƙi. In yana da haƙƙin zama ɗan ƙasashen biyu, dokar Ghana ta yarda, sai ya bi hanyarta a fili. Amma ya karɓi takardar ƙaramar hukumar da ba a haifi kowa nasa a cikinta ba, ya dawo nan da digiri mai cewa shi ɗan wata jiha ne, ya miƙa wa mai neman ya ce masa baƙo sanda da hannunsa.

Azhar ta Masar kuma, masu sha'awarta su tambayi mudir tun da wuri ko shahadar makarantarsu tana da mu'adala, watau ko Azhar ta amince da ita. In ba ta da ita, za a yi wa yaro jarrabawar tantance matsayi, kuma yana iya komawa aji na ƙasa ya yi shekaru kafin ya ga ƙofar kulliya. Ba laifi ba ne, da yawa daga malamanmu ta nan suka bi, amma uwar da aka ce mata shekara huɗu ya kamata ta san yana iya zama bakwai.

Wani abin da ba a tambaya sai an dawo shi ne, takardar da za a samo tana da daraja a gida? Hukumar GTEC ita ke auna digirin waje. Wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta ƙasa kafin ya taɓa majiyyaci. A 2022, da yaƙi ya kori ɗalibanmu daga Yukren, wasu suka ci gaba da karatu ta intanet, majalisar ta ce ba za ta karɓi likitancin da aka koya ta haka ba. Tambaya ɗaya kafin tafiya ta fi kuka bayan shekara shida. Haka kuma wanda ya tafi da tallafin gwamnatinmu kada iyaye su naɗe hannu, don a 2024 mun ga ɗalibanmu na Maroko suna kuka a bainar jama'a saboda an yi watanni ba a aika musu kuɗin abinci ba.

Abin da ya faru a Khartum ma darasi ne. Da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Namu ta mota aka bi da su zuwa iyakar Habasha. Rai ya tsira, alhamdu lillahi, amma wanda ya yi shekara uku yana karatu, sakamakonsa yana cikin ofishin da ba mai iya shiga, da me zai nuna wa wata jami'a inda ya tsaya? Saboda haka duk ɗalibin da ke waje, ƙarshen kowace shekara ya karɓi sakamakonsa mai hatimi, ya ɗauki hotonsa ya aiko gida. Fasfo ya zauna a hannunsa, in makaranta ta karɓa don sabunta izinin zama ya bi sawu har ya dawo. Ranar da ya sauka kuma ya kai sunansa ofishin jakadancin Ghana mafi kusa, ya shiga ƙungiyar ɗalibai, don ranar gudu da jerin sunaye ake cika mota.

Ban ce kada a tafi ba, jama'a. Mu jikokin matafiya ne, sunan unguwarmu ma zango. Akwai dattawan da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan har Makka, suka yi shekaru a hanya suna karatu. A shekarun 1980 yara daga ƙasar nan sun je har Kyuba sun dawo likitoci da injiniyoyi. 'Yan matanmu ma yanzu suna fita, suna kuma dawowa da abin kirki, kuma takardunsu su ma a duba su tun da wuri, musamman wadda za a ɗaura wa aure kafin tafiya, kada a yi gaggawar sake mata suna a kati alhali takardar makaranta tana ɗauke da sunan ubanta.

Hajiya, ga abin da za ki yi a wannan wata. A jera takardun kamar yadda na ce. In an ga saɓani, a fara gyara tun yanzu, don a sami fasfo a hannu kafin lokacin buɗe neman gurbi. Yaron ya je wurin tsohon malaminsa na sakandare, ko wani ɗan unguwa da ya yi karatu a waje ya dawo, su zauna su cika takardun tare, ya nemi wuri uku ko huɗu, har da jami'o'inmu na gida. Shi kuma mutumin, in ya dawo, a ba shi ruwa ya sha, a ce masa ana shawara. Jikar taki ta sake rubuto mini abin da kuka gani a kan tabarmar, sunan da ke kan kowace takarda da ranar da ke kanta, zan amsa muku ta akwatin gidan waya ba sai ta wannan fili ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙar wani bawan Allah daga Ashaiman a kan rabon gadon gidan haya. Wassalam.